Santin Gwaggo

Ban taɓa ganin zaman makoki da aka cika shi da zancen miya ba sai na Gwaggo. Mace za ta shigo ta durƙusa, ta yi mamu gaisuwa, a yi addu'a a shafa, sai ta tsura ma tabarma ido. Can sai ka ji ta ce, “Oh, miyar kukar baiwar Allahn nan.” Shi ke nan an buɗe baki. Wannan ta tuna taushen da aka ci ranar sunan ɗanta na fari, waccan ta tuna dambun bikin ƙanwarta, wata kuma ta rantse har gobe in ta ji ƙanshin daddawa a hanya sai ta waiwaya.

A gidan Yaya muka yi zaman, nan Dutsin-Ma, shi ne ɗanta tilo. Mutanen Kurfi sun zo tun kafin a ɗauke ta. Na Tamawa, garinmu na asali, sai da rana ta take suka iso, mota guda suka yi shata, kowa ya san yadda hanyar ta zama yanzu, ba a fita sai an ga wasu sun wuce lafiya. Daga rumfar maza a waje muka riƙa jin dariya tana tashi tana kwantawa. Matar Yaya ta ɓata rai, ta ce wannan wace irin ta'aziyya ce. Na ce mata ƙyale su, na san abin da suke yi, santin da kowannensu ya taɓa yi a kan tuwonta suke tona ma juna.

Ƙawarta ta ƙuruciya, wadda ba ta da sauran haƙori ko ɗaya, ba ta ma shigo ɗaki ba. Ta wuce lungun tsakar gida inda duwatsun murhun Gwaggo suke, ta dafa sanda ta duƙa, ta sa yatsa cikin tokar. Ta daɗe a haka. Da na je in kamo ta sai ta ce mani, “To, ɗiyata. Yanzu kuma sai mu riƙa ci don kada mu mutu.”

Wadda ta fi kowa kuka kuwa maƙwabciyarmu ce ta Tamawa, ita da suka fi shekara ba su ga maciji da Gwaggo. Muciya ta ara, Gwaggo ta leƙa ta katanga ta gan ta tana korar akuya da ita. Daga ranar magana ta yanke. Ana cikin gabar nan matar ta haihu, mijin ya tafi ci-rani, ba ta da kowa a garin. Kullum da safe Gwaggo za ta dama kunun kanwa, ta ɗora ƙwaryar a kan katanga, ta buga ta da ludayi, ta juya. Haka har aka yi arba'in, ko sannu ba ta ce mata ba. Da na tambaye ta sai ta ce kunun don jaririn ne, shi bai yi mata komai ba, uwar kuwa zancen muciya yana nan.

Ni ɗiyar ƙanenta ce. Yaye aka kai ni wurinta ba a sake maido ni ba. A bayanta na yi wayo, a gindin murhunta na girma, ita ta aurar da ni Kurfi. Duk wadda ta zo sai ta dafa ni ta ce ni aka yi ma mutuwa, haka ne kuwa. Amma akwai abin da ke cin raina wanda ba su sani ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a manta da ita, kuma don ba ni da wanda zan iya gaya ma baki da baki. Tun ina 'yar mitsitsiya ina hura mata wuta, abu ɗaya nake nema wurin matar nan: in dafa abinci, ta ci, ta yi santi.

Wanda bai san ta ba zai ce wannan wane irin buri ne. Ita yabo ba ya gabanta. In ka ci ka ce abinci ya yi daɗi, Allah shi saka, sai ta ce amin, kana juya baya ta taɓe baki. Ta ce wannan ladabi ne kawai, ko ɗanyen tuwo ka ba mutumin kirki haka za ya ce. Santi take jira, maganar nan marar kai marar gindi da ke suɓuce ma mutum yana tsakiyar ci don daɗi ya ɗauke mashi hankali. Ta ce shi kaɗai ne baki ba ya iya ƙirƙira.

In Malam, mijinta, ya yi baƙi a zaure, ni ake aikawa da ruwan sha, ba don suna jin ƙishirwa ba. Ina dawowa za ta tare ni da ludayi a hannu.

“Mi suka ce?”

“Sun ce an gode.”

“Koma ki tsaya bakin ƙofa.”

Akwai wani dattijon Bafulatani, abokin Malam, mai kunya ƙwarai, da ke kawo mamu man shanu daga rugarsu wajen Barkiya. Wata rana yana cikin cin tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, ya ɗaga kai ya dubi akuyarmu da ke ɗaure, ya ce, “Malam, akuyar ga taku tana da kyan hali.” Akuyar da ta cinye mashi gefen malfa a zuwansa na baya. Da na kai ma Gwaggo labari sai da ta zauna kan turmi don dariya, ranar har waƙa ta yi tana kankare ƙanzo. Bawan Allah har ya bar duniya Kyan Hali yaran unguwa ke ce mashi.

Ba ta ɗora tukunya sai ta tambayi wa za ya ci. In ƙanen Malam ne mai gyambon ciki, barkono ya ja baya. In 'yan noma ne za su dawo, tuwo ya yi tauri, mai ya ji. In mai ciki ce a gidan, sai ka ga yakuwa ta shigo ba wanda ya roƙa. Daddawarta da kanta take yi, da kalwar ɗorawar gonar Malam, ta dafa, ta wanke, ta rufe, har warin ya kore mu daga ɗaki mu yi ta mita. Kuka a inuwa take shanya ta, ta ce rana na shanye mata rai. Ba ta awo. Sau ɗaya take ɗiga miya a bayan hannu ta lasa, in ta gyara ta gyara ke nan. Dunƙulen nan na kanti da kowa ke jefawa a tukunya kuwa, sabulu take ce mashi, ba ta yarda ya kwana a gidanta ba.

Ita da take farautar santin mutane, nata ba wanda ya taɓa ji. A gidan biki za a kawo mata kwano ana rawar jiki, ta yanki loma guda, ta daɗe tana taunawa, matan madafi sun yi tsuru-tsuru, sannan ta ce, “Ya ciwu.” Iyakar abin ke nan. Ni ma da na tasa na fara riƙe tukunya, shi nake samu, sai dai nawa da ƙari. “Ya ciwu. Amma kin kaɗa kuka daddawa ba ta dahu ba.” Ko kuma, “Ya ciwu. Da wa kike hira kina burgawa?” Kuma wallahi da hirar nake.

Bayan na yi aure hannuna ya yi suna a Kurfi, ba yabon kai ba. Ana kirana gidajen biki. Maigidana har kunya yake ba ni gaban baƙi da santinshi, ya taɓa tambayar wani ko har yanzu ana sayar da gishiri a kasuwa. Sai na ɗauka na isa. Na tashi tun asuba na yi tuwon gero da miyar kuka, irin wanda ta fi so, na zuba a kula na hau mota zuwa Tamawa. Ta ci, ta suɗe yatsa.

“Ya ciwu.”

Ban san sa'ad da na fashe ba. “Haba Gwaggo. Kurfi gaba ɗaya na yabona, ke kaɗai ce sai ya ciwu, ya ciwu. Sai yaushe?”

Ta dube ni kamar na zage ta. “So kike in yi maki ƙarya? Santi ba a roƙon shi. Ranar da ya zo, ke ma za ki ji.”

Na kwashi kulata na tafi ko sallama ban yi ba. Na yi fushi na ƙi zuwa. Ita ma ba ta aiko da ban-haƙuri ba, ba halinta ba ne. Ƙunshin daddawa kawai ta ba direba ya kawo mani.

Bayan rasuwar Malam ƙauye ya ƙi zaunuwa. Mutanen daji suka fara da shanu, suka koma kwasar mutane. Da ƙyar da magiya Yaya ya ɗauko ta ya kawo ta Dutsin-Ma. Kayan sawa kaɗan ta ɗauka, amma tukwanen ƙasa, da muciya, da maburgi, har duwatsun murhu uku sai da aka loda su a mota. Yaya ya ce, “Inna, garin da za mu sunan dutse ma gare shi.” Ta ce waɗannan sun san gindin tukwanenta. Ɗorawar Malam aka baro ta a gonar da ba mai iya zuwa. Ta koma sayen kalwa a kasuwa, tana jujjuya ta a tafi tana tsaki. Matar Yaya malamar makaranta ce, mai sauƙin kai, da murna ta sakar mata girkin dare. Ita tana kicin da gas ɗinta, Gwaggo tana lungu da hayaƙinta, aka zauna lafiya.

Sai Yaya ya sami ƙarin girma a wurin aiki, ya so ya kyautata ma uwa tasa. Ranar ina gidan, na zo gaishe ta.

“Inna, yau ba za ki hura wuta ba. Za ni kai ki gidan abinci, ki zauna ke ma a kawo maki.”

“Ciwo nike?”

“A'a.”

“To wa ya mutu? Ni dai gidan da na san ba a hura wuta ana kawo masu abinci daga waje, gidan mutuwa ne.”

Ya yi ta lallashi, ni ma na sa baki. Ta yarda don shi. Ta ɗaura atamfar sallarta, ta yafa mayafi.

Wurin yana bakin titi, ƙofar gilashi, fankoki na juyawa, talabijin na nuna ƙwallo, ɗalibai da ma'aikata cike da tebura. A bakin ƙofa Gwaggo ta cire takalmi ta yi sallama. Ta sake yi. Ba wanda ya amsa, ba wanda ma ya ɗago. Yaya ya ɗauko takalman a hannu yana sunkuyar da kai. Da ta zauna ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, sai ta naɗe su bisa kujera.

Matar da ke kai abinci ta taho da fara'arta, ta dubi Yaya ta ce, “Ranka shi daɗe, irin na kullum?”

Na ga wuyan Gwaggo ya juya a hankali. “Na kullum,” ta ce, ba da ƙarfi ba. Watanni ke nan Yaya na dawowa gida ya ce ya ƙoshi, ita kuma ta rufe mashi tuwon ta ɗumama da safe. Har jiƙo ta haɗa mashi, ta ɗauka ciwo ne ya kashe mashi cin abinci.

Sai ta juya ga matar.

“Mi kuka dafa?”

Ta jero mata: shinkafa da miya, dafa-duka, sakwara, tuwon shinkafa da taushe.

“Tun yaushe?”

“Tun safe, Hajiya.”

“Kun san za ni zo?”

Matar ta yi dariya. “A'a, Hajiya.”

“To wa kuka dafa ma?”

“Duk wanda ya zo.”

Aka kawo tuwon shinkafa naɗe cikin leda. Da yatsa biyu ta warware shi, ta ture cokalin gefe, ta yanka ta kai baki. Na jira in ji ya ciwu, ko shi bai fito ba. Ta matso kusa da kunnena ta ce kabewar ba ta nuna ba, gyaɗar ta kwana, an cika sabulu sannan aka rufe shi da attarugu. Ta ɗaga kai ta bi teburan da kallo, kowa hannu ɗaya a faranti, ɗaya a waya.

“Dubi jama'ar ga. Ko mutum guda bai yi santi ba. Ci suke kamar ana zuba ma babur mai.”

Daga nan ta ce sai an kai ta ta gai da mai girkin, ba a cin abincin mace a tashi ba a ce mata sannu ba. Yaya ya ce nan ba a yin haka. Ta riga ta sauko daga kujera. Na bi ta ta bayan ginin, muka tarar da wata mata, ba yarinya ba, tsakanin manyan tukwane, zufa ta jiƙe mata riga.

“Sannu da aiki,” in ji Gwaggo.

Matar ta tsorata, ta ɗauka ƙorafi aka kawo. Da ta gane gaisuwa ce sai ta durƙusa, ta ce tun da ta fara aiki a nan ba wanda ya taɓa zagayowa. Ita ma gudu ya kawo ta daga wani ƙauye. Gwaggo ta karɓi ludayin ta juya miyar, ta ɗaga ta tsiyaya.

“A gida haka kike yi?”

“A'a, Inna. Nan aunowa ake a ba ni. Kuma haka bakin mutane ke so.”

Muna cikin mota, mun kusa gida. “Tana da hannu,” in ji Gwaggo. “Sun kashe mata shi.” Sannan ta dubi ƙeyar Yaya. “Kullum?”

“Inna, aiki ne. Ba ni samun dawowa da rana.”

“Da dare fa, da kake ce mani ka ƙoshi?”

Da ya yi shiru da ya fi. Amma Yaya ba ya iya ƙarya in an tsare shi. “Baki ne ya saba, Inna. Naki yanzu in na ci sai in ji kamar da saura.”

Na so in rufe shi da duka, yayana ne ko ba yayana ba. Muka iso gida. Ta sauka, ta cire atamfar ta ninke, ta je ta hura wutarta kamar kullum. Ba ta daina girki ba, amma ta daina rufe mashi nashi, ta kuma daina tambayar wa za ya ci. Jikokinta dama taliyar leda suka fi so, sukan yi loma biyu don a gani su gudu. Sau da yawa in na zo sai in tarar da ita zaune ita kaɗai gaban tukunyar da ta ishi mutum goma.

Ciwon da hantsi ya zo mata, tana tsaye tana tuƙa tuwo. Muciya ta suɓuce, ita ma ta bi ta. Hawan jini ne, in ji likita, ya shanye mata ɓarin dama, hannun da take komai da shi. Na roƙi maigidana na tattaro na dawo Dutsin-Ma jinya. Cikin tashin hankalin nan har da wani ɗan sa rai a zuciyata, na ce yanzu dai dole ta ci nawa safe da rana da dare, ko Allah zai sa a dace.

Na buɗe ragowar daddawar da ta yi da hannunta. Na hura wuta a duwatsunta. Na bar ruwan miya ya dahu har ya gaji kafin in kaɗa kuka, ban yi magana da kowa ba ina burgawa. Na tallabo ta na kai mata loma. Ta tauna da gefen bakin da ke motsi, ta kau da kai.

“Ruwa.”

Na ruga na kawo mata ruwa. Ta girgiza kai, ta nuna kwanon da hannun hagu. Miyar ce ruwa.

Na yi taushe, na yi yakuwa, na yi zogale, na yi fate. Duk ruwa. Likita ya ce ciwon ya taɓa mata ɗanɗano, ana samun haka, harshen ba ya jin abu sai mai ƙarfi sosai. Da farko ya hana gishiri. Da ya ga yadda ta zube, awarwaronta na zamewa har gwiwar hannu, sai ya ce mu ba ta duk abin da za ta karɓa, yanzu yunwa ta fi gishirin haɗari. Na ƙara gishiri, na ƙara yaji. Loma ɗaya, ta rufe baki. Ina ji ina gani Gwaggo na ƙarewa a hannuna, ni da ake kira gidajen biki.

Wata rana da azahar Yaya ya shigo da baƙar leda. Tun daga ƙofa na gane ƙanshin, na gidan abincin nan ne. Na tare shi a bakin kicin, muka yi faɗa da raɗa don kada ta ji.

“A gidan ga, Yaya? Ita za ka ba wannan?”

“Ke kin tsaya kina gadin miya, uwata na mutuwa.”

Na kauce mashi. Shi da kanshi ya ɗauko samirarta, ya warware tuwon, ya gyara shi da mara don kada sawun leda ya nuna, ya juye miyar daga roba. Sannan ya miƙo mani. “Daga hannunki kaɗai take karɓa.”

Na tabbata za ta tofar. So ma nake ta tofar. Ta tauna, ta haɗiye, ta buɗe baki. Na ƙara mata. Ta sake buɗewa. Matar Yaya ta zo bakin ƙofa ta tsaya, hannu a baki. An kusa rabin kwano sai Gwaggo ta tsura ma kujerar roba da ke gefen gado ido, ta ce da harshen nan da ya yi mata nauyi, “Kujerar ga, ƙafa huɗu gare ta.”

Matar Yaya ta ce, “Lah, Inna ta yi santi.”

Gwaggo ta tsaya, ta ji abin da ta faɗa da kunnenta. Sai rabin fuskarta ya yi dariya, hawaye na bin ɗayan rabin. Ta lalubo wuyan hannuna da hannun hagu ta riƙe gam.

“Ja'ira. Yau kam kin kai.”

Yaya yana tsaye ta bayanta yana roƙona da ido. Na ce, “Alhamdu lillahi, Gwaggo. Ƙara loma.” Sai da ta cinye tas. Na ɗauki kwanon na zagaya bayan ɗaki, na yi kukan da ko ranar rasuwarta ban yi irin shi ba.

Washegari na je wurin mai girkin da kaina, na ce in ma haka ne gara ni in yi. Ta gane ni, ta tambayi lafiyar Inna mai sannu da aiki. Da na gaya mata wadda ta ci tuwonta jiya sai ta rufe fuska da gefen zane.

“Da na san ita ce, da na yi mata na gida.”

“Na gida ba ta jin shi,” na ce mata.

Ta nuna mani komai, ba ta ɓoye ba: dunƙule cike da tafi, da farin nan mai kama da sukari, da gishiri, da attarugu. Na saya na kawo, na zuba a tukunyar ƙasar Gwaggo ina kau da kai. Ko hannuna ne ya ƙi sakin yadda ya kamata, ko mi, oho. Loma guda ta yi ta yamutsa fuska.

“Kin koma gidan jiya. Yi irin na rannan.”

Haka muka koma ma roba. Kullum Yaya ya kawo, ni in juye, in kai mata. Har wuta nake hurawa a lungu in ɗora ruwa, don ta ji hayaƙi. Ta ɗan yi kumari, muryarta ta fito. Duk wanda ya zo dubiya sai ta gaya mashi, “Ɗiyata ta ɗauke hannuna tsaf. Ko yau na tahi ban bar gida da yunwa ba.” Ranar da ƙawarta ta zo, dole ta yi mata sai ta ɗanɗana. Tsohuwar ta kai baki, ta mamula da dasashi, ta ɗago ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, “Madalla,” ta goge hannu. Da na raka ta ƙofa sai ta matsa kafaɗata.

Na sha cewa yau zan gaya mata. In na shiga na ga ta buɗe baki tana jira, sai in fasa. In ta sani ba za ta sake ci ba, wannan na tabbata.

Ana gobe za ta rasu ba ta ci da yawa ba. Ta tauna loma ta ƙarshe a hankali, ido rufe, ta yafuto ni in matso.

“Kina ji na? Hannun ga da kika samu, ki riƙe shi. Kada ki ƙara, kada ki rage. Haka nike yi ma Malam.”

Ba haka take yi ma Malam ba. Na ci wancan, na san shi, har yanzu yana bakina. Ita ce ta riga ta manta, harshenta ya riga ta tafiya ya tafi da shi.

Na ce, “To, Gwaggo.”

Allah shi jiƙan ki, Gwaggo, shi yafe maki kurakuranki, shi sanyaya makwanci. Shi maido maki da harshenki na da, shi ciyar da ke abin da ya dace da shi. Ni na koma Kurfi, ina ɗora tukunya kullum don ba a fasawa. Har yau ban san ko na iya ba. Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya gaya mani, ta kuma gaya mani, a kan tuwon wata daban.